Shin in sauke Hajiya da maiɗakina a otal ɗin tsohon birnin Santambul?

Wani ƙanena daga Unguwar Rimi ya rubuto cewa zai kai mahaifiyarsa da maiɗakinsa Santambul, kwana bakwai. Ya ga hoton wani otal mai kyau a unguwar Sultanahmet, tsohon gida ne da aka gyara, ana karin kumallo a saman bene ana kallon kubbar masallaci. Sai dai kuɗin kwanansa ya kusa ninka na wani katafaren otal mai tauraro biyar da ke can gefen gari, kuma Hajiya tana fama da ciwon gwiwa. Yana tambaya: ya kama, ko ya haƙura?

Da farko Allah ya saka maka da alheri da ka tuna da Hajiya a wannan tafiya, ya sa ka gama da ita lafiya. Amsata ita ce ka kama, amma kwana uku ko huɗu kawai daga cikin bakwai ɗin, kuma kada ka biya ko kwabo sai sun amsa maka wasu tambayoyi a rubuce. Na yi shekara tara ina teburin karɓar baƙi a wani otal a nan Kaduna kafin in koma harkar tikiti da kama wa matafiya masauki, don haka na san yadda ake ɗaukar hoton ɗaki ya fito kamar falon gwamna, na kuma san irin fuskar da baƙo yake yi idan ya buɗe ƙofa ya ga gaskiya.

Mu mutanen Kaduna idonmu ya saba da wani irin otal. Garinmu yaro ne, da kaɗan ya haura shekara ɗari tun da Turawa suka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru suka dawo da ita nan, suka yanka tituna masu faɗi da filaye. In aka ce otal na alfarma, abin da ke zuwa mana shi ne irin Hamdala, ko Durbar da aka gina saboda bikin FESTAC na 1977: get, maigadi, filin ajiye motoci, dogon baranda, ɗaki mai cin gado da kujeru har da wurin shimfiɗa darduma uku. To ka ajiye wannan hoton. Ka tuno cikin birnin Zariya maimakonsa, bayan ka shiga ta Ƙofar Doka ka nufi fada, ka bar titi ka faɗa lungu. A ce wani ya sayi gidan gado a nan, kusa da masallacin Juma'ar da Babban Gwani ya gina, ya mayar da shi masauki, aka kuma ce masa bai isa ya rushe zaure ko ya ƙara bene ba. Duk kuɗin da zai zuba a kafet da fitilu, lungun bai faɗaɗa ba, ɗakunan ma haka. Wannan shi ne otal ɗin da ka gani a hoto.

Dalilin a fili yake. Tun 1985 UNESCO ta sa yankunan tarihi na Santambul cikin kayan gadon duniya, kuma hukuma tana sa ido a kan tsofaffin gine-gine da tsawon duk abin da za a gina kusa da manyan masallatan. Ƙarƙashin Sultanahmet ɗin nan kuma kufan fadar sarakunan Rumawa ne. Mai otal in ya ce zai haƙa rami don sa lif ko wurin ajiye mota, yana iya cin karo da bangon da ya haura shekara dubu, aiki ya tsaya. Wasu otal-otal ma sun rufe irin wannan kufai da gilashi a ƙasan gininsu, baƙi na taka saman suna leƙawa. Shi ya sa za ka tarar da otal mai ɗaki ashirin ko talatin, matakala a murɗe, lif ɗin da mutum biyu da akwati ɗaya suka cika shi. Ko Four Seasons na unguwar, wanda yana cikin mafi tsada a garin, tsohon gidan yari ne da aka gina wajajen 1918 zuwa 1919, aka buɗe shi a matsayin otal a 1996, kuma ɗakunansa 65 ne kacal. Sunan layin da yake har gobe Tevkifhane, wato layin gidan kaso.

To me mutum yake saya da wannan kuɗi? Bakin ƙofa yake saya. Bari in ba ka abin da idona ya gani. Wata tafiya na kwana a wani ƙaramin otal a gangaren da ke bayan Masallacin Sultan Ahmad. Da asuba na farka da kiran salla, ladanin Sultan Ahmad ya ja kabbara ya yi shiru, na Aya Sofiya ya amsa daga ɗaya gefen filin, suna karɓeɓeniya har suka kai ƙarshe. Na yi alwala na fito da silifa da rigar sanyi. Filin da da rana ba ka samun wurin sa ƙafa, babu kowa sai masu shara da kyanwowi da wani tsoho mai tura amalanken burodin nan mai zobe da riɗi da suke kira simit. Minti biyar ina cikin sahu, a cikin Aya Sofiya, ginin da aka gama tun 537. Da muka idar na dawo, na hau sama, yaron otal ya kawo mini shayi ja a ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu, jiragen ruwa suna wucewa a tekun Marmara, tsuntsayen teku suna shawagi suna jiran in juya baya su ɗauke mini cuku. Wanda ya kwana a gefen gari, kafin ya gama da cunkoson motoci ya iso ƙarfe goma ta yi, layin shiga ya miƙe, rana ta buɗe. Gini ɗaya za ku gani da shi, amma ba abu ɗaya kuka gani ba.

Ga dattijuwa wannan kusancin ya fi komai amfani. Aya Sofiya, wadda Sultan Muhammad Alfatih ya mayar masallaci a 1453, aka maida ta gidan tarihi a shekarun 1930, aka kuma dawo da salla cikinta a Yulin 2020, tana fuskantar Masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida, fili ɗaya ne tsakaninsu. Bayanta kaɗan fadar Topkapi take, inda ɗakin amanoni masu tsarki yake, kayan da ake jingina wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da takubban sahabbai, waɗanda aka fara tarawa bayan Sultan Salim ya ci Masar a 1517, ga alaramma a gefe yana karatu ba yankewa. Hajiya za ta iya fita da safe ta ga abu ɗaya, ta dawo ta miƙe ƙafa bayan Azahar, ta sake fita da La'asar. In kuna nesa, fita ɗaya ce, kuma a rana ta biyu za ta ce ku je kawai ita tana ɗaki. Ka lura Topkapi ba ta buɗewa ranar Talata. A Aya Sofiya kuma tun Janairun 2024 baƙi masu yawon buɗe ido suna biyan Yuro 25 su hau saman bene, ƙasan na masu salla ne, don haka ku je a lokacin salla da alwalarku.

Yanzu ga inda ake faɗawa rami, kuma ni kaina na taɓa jefa mutum. Shekarun baya na kama wa wani Alhaji dattijo da uwargidansa ɗaki a irin wannan otal. Na duba shafinsu na ga an rubuta akwai lif, na ce shi ke nan. Ashe lif ɗin daga hawa na ɗaya yake farawa, sai ka taka matakala goma sha wani abu daga bakin titi kafin ka same shi, kuma a hawa na uku yake tsayawa, alhali wurin cin abinci yana saman rufin, sai an bi wata siririyar matakalar ƙarfe. Wannan kallon da suka biya kuɗi dominsa, Hajiyar ba ta gan shi ba ko sau ɗaya, a ɗaki aka riƙa kai mata shayi. Alhaji bai yi mini faɗa ba. Da ya dawo ya aiko mini da tsarabar carbi, ya ce wa ɗan aiken ya gaya mini Hajiya tana gaishe ni da matakala. Har yau in na tuna sai in ji kunya.

Saboda haka kada ka tambaye su ko akwai lif, kowa zai ce akwai. Ka rubuta musu cewa kana tare da tsohuwa mai ciwon gwiwa, ka ce: matakala nawa ce daga titi zuwa lif, lif ɗin yana kaiwa har wurin karin kumallo, kuma banɗakin shawa ce ta tsaye ko baho ne da sai an ɗaga ƙafa an tsallaka? Ka nemi su turo hoton ƙofar shiga daga waje. Otal na kirki zai amsa cikin yini ɗaya, har ya ce zai ba Hajiya ɗaki a ƙasa. Wanda ya yi ta kewaye-kewaye, ya riga ya ba ka amsa.

Sai maganar mota. An hana motoci shiga filin Sultanahmet da wasu layukan da ke kewaye da shi, sauran kuma ƙanana ne masu hanya ɗaya, an shimfiɗa su da duwatsu. Sabon filin jirgin Santambul, wanda aka koma kacokan a 2019, ya fi kilomita 40 daga tsohon gari, ka ƙaddara rabin tafiyar Kaduna zuwa Zariya, ga cunkoso. Bayan kun taso daga tashar jirgin ƙasa ta Rigasa ko kun biyo titin Abuja, kun kwana a jirgi, ba lokacin da direban tasi zai ajiye ku a bakin wani lungu ya nuna da hannu ya ce can ne ba ne. Tayar akwati a kan duwatsun nan ƙara take kamar injin markaɗe, kuma na ga wadda ta fita fit ta gangara. Ka ce otal su aiko motarsu, direbansu ya san ta inda ake zagayowa har ƙofa. Ya fi tasi tsada, amma a ranar isowa ka biya kawai. Kuma ka buɗe taswira ka duba: unguwar kan tudu take, masallatan suna sama, otal-otal da yawa suna gangaren da ya nufi teku, wajen Cankurtaran da Kucuk Ayasofya. Mita ɗari huɗu a taswira ba komai ba ce, amma in hawa ce, gwiwar Hajiya ce za ta ƙirga ta. Ka nemi wanda yake daidai da filin, ko kusa da tashar taragon lantarki.

Girman ɗaki kuwa, ka daina kallon hoto ka kalli lamba. Shafukan kama ɗaki suna rubuta murabba'in mita. A ganina duk abin da ya gaza 18 zai matse mutum biyu masu manyan akwatuna, za ku riƙa ɗaga jaka kan gado kafin a yi salla. Kada ka yarda da ɗaki mai gado uku don ragin kuɗi, ɗakin mutum biyu ne aka cusa wa gadon ninkewa, kuma ka san tsakanin uwar miji da suruka akwai kunya. Ɗaki biyu a hawa ɗaya, ko da za ka rage kwana. In ka ga ɗaki mai rahusa sosai a otal mai tsada, karanta da kyau, sau da yawa a ƙarƙashin ƙasa yake ko tagarsa bango take kallo. Haka kallon masallaci ko teku da aka tallata, yawanci daga saman rufi ne, ba daga ɗakinka ba. Ni ban ma ba ka shawarar ƙara kuɗi don taga ba, sa'a nawa za ka yi a bakinta? Rufin na kowa ne, kyauta. Taurari ma kada su ruɗe ka, domin da yawan waɗannan gidaje ba a jera su da taurari irin na manyan otal, suna da nasu rukunin na musamman. Ka karanta abin da baƙin watanni ukun baya suka rubuta, musamman masu ƙorafi. In mutum biyar sun ambaci warin danshi ko ƙarancin ruwan zafi, gaskiya ne.

Akwai ƙara. Tsohon gida bangonsa na ciki siriri ne, na katako kuma kana jin takun wanda ke samanka. Titin Akbiyik cike yake da wuraren cin abinci da mashaya masu kiɗa har dare, titin Divan Yolu kuma nan tarago yake bi tun sassafe. Ka nemi ɗakin da ke kallon tsakar gida. Abu ɗaya da na koya wa kaina tun ina aikin otal, wanda kuma na ƙara riƙewa bayan gobarar wani otal a tsaunukan lardin Bolu na Turkiyya da ta ci mutum 78 a Janairun 2025: ina ajiye jaka nake fita in nemo matakalar gudun gobara, in tura ƙofarta in ga tana buɗewa. Minti biyu ne. A gidan katako kada ka tsallake shi.

Wajen biya, ka kama ɗakin da ake iya sokewa kyauta, ko da ya ɗan fi tsada, domin biza ba ta da alƙawari. Ka gama komai tun kana gida, saboda tun 2017 kotu ta hana shafin kama ɗaki na Booking.com sayar da ɗakunan Turkiyya ga wanda yake cikin ƙasar, kada ka ce sai ka isa ka ƙara kwana ta waya. In ka ga farashi a intanet, rubuta wa otal ɗin kai tsaye, ƙananan nan sukan rage ko su haɗa maka da motar filin jirgi, tunda sun huta da kason dillali. Yawanci da Yuro suke sa kuɗi ko da za ka biya da Lira, don haka ka tambayi canjin da za su yi amfani da shi. A farkon 2023 aka fara karɓar harajin kwana na kashi 2 cikin 100, ka tabbatar yana cikin jimlar da aka ba ka. Kada ka dogara da katin Naira shi kaɗai. Sannan jirage da yawa da safe suke sauka, ɗaki kuma sai wajen ƙarfe biyu na rana ake bayarwa. Otal mai ɗaki ɗari uku zai lalubo maka wani, mai ɗaki ashirin ba shi da inda zai samo. In da sassafe za ku isa, ka biya daren da ya gabata na ɗakin Hajiya kaɗai, ka sanar da su, ta shiga ta kwanta.

Abinci ba matsalar halal ba ce sosai, matsalar sabo ce. Karin kumallonsu zaitun ne da farin cuku da tumatir da kokwamba da zuma da burodi, kusan duk da sanyi. Maiɗakinka za ta ɗauki hoto, Hajiya za ta dubi teburin ta tambaya ina abincin. Ka ce a soya mata menemen, ƙwai ne da tumatir da tattasai, da zafinsa. Ku tafi da yaji da garin kunu, ka tabbatar akwai butar dafa ruwa a ɗaki, ka kuma sayi abin canza bakin soket mai ƙafa biyu zagayayyu, namu mai ƙafa uku ba ya shiga. Ka ce su kwashe giyar da ke cikin ɗan firjin ɗaki kafin ku iso, ba sa jin komai, sun saba. Banɗakunansu akwai ɗan famfon tsarki a jikin masai, amma na san Hajiya, a sa mata butarta a akwati. In otal yana da wurin wankan tururi, ka tambaya ko an raba lokacin maza da mata. Tsofaffin hamam, wato gidajen wankan tururi, irin na Cemberlitas, wanda babban magini Sinan ya gina a 1584, sashen mata daban yake. Cin rana da dare kuma, ku guji masu tsayawa a bakin ƙofa suna kiran ku kusa da filin. Ku gangara Sirkeci, inda ma'aikata suke ci, abinci a jere bayan gilashi, ka nuna da yatsa: shinkafa, wake, miyar adas, kaza. A masallaci kuma ku sani Hanafawa ne, suna jinkirta Asuba sai gari ya fara haske, kuma ba za ku ji amin da ƙarfi bayan Fatiha ba, kada Hajiya ta ɗauka liman ya yi mantuwa.

Sauran kwana ukun fa? Na tabbata maiɗakinka tana da jerin saƙonni: abaya, mayafai, zannuwan gado, kayan yara. Wannan aikin Laleli ne da Aksaray, inda 'yan kasuwarmu suke sauka, ga masu kago a kowane lungu, ga gidajen abincin 'yan Afirka. Otal-otal ɗin can na zamani ne, lif babba, ɗaki mai faɗi, kuɗi ƙasa, kuma ba wanda zai kalle ka don ka shigo da ƙullin kaya. Tarago mai lamba T1 shi ya haɗa su da Sultanahmet, tasha uku ce zuwa Laleli, yana bi ta bakin babbar kasuwar nan mai rufi da ke Beyazit, wadda take rufe ranar Lahadi. Kati ɗaya na Istanbulkart, wato katin biyan kuɗin tarago, zai ishe ku ku uku, ka riƙa taɓawa sau uku. Asara ce ka biya kuɗin maƙwabtaka da Aya Sofiya alhali yini kake a shagon labule. Shi kuwa wancan mai tauraro biyar na gefen gari, ka bar wa masu zuwa taro.

Ka fara da tsohon gari tun ƙafafu suna da ƙarfi kuma akwatuna ba su yi nauyi ba, ka ƙare da kasuwa. Ka ware safiya ɗaya, in da hali ba Juma'a ba saboda cika, ku je ziyarar kabarin Sahabi Abu Ayyub Al'ansari a unguwar Eyup, bayan ganuwa. Daga unguwar Eminonu, kusa da Sirkeci, akwai wani taragon da ke bin bakin ruwa har can, ba hawa ba gangara. Ba ka faɗi watan da za ku tafi ba. In zaɓi a hannunka yake, Afrilu da Mayu ko Satumba da Oktoba sun fi, sai dai a lokacin ne ƙananan otal ɗin suke cika da wuri, ka kama da wata biyu ko uku. Daga Disamba zuwa Fabrairu ɗaki yana araha, amma sanyinsu da ruwa yake zuwa, wani lokaci da ƙanƙara, ba irin hunturunmu busasshe ba ne, duwatsun titi suna santsi, kuma yawancin masu rufin nan suna rufe shi da gilashi ko su sauko da karin kumallo ƙasa. Da gwiwar Hajiya, ni ba zan kai ta a wannan lokacin ba ko da kyauta aka ba ni ɗakin.